Auren Safiatu ta Takarda

Akwai ciwon da ke kama mutum ranar da aka miƙa masa mabuɗi. An ce ya riƙe ɗan ƙarfe, shi kuwa sai ya ɗauka wuyan jama'a aka danƙa masa. Wannan ciwon ne ya kama Abukari mai kula da famfon Nyanshegu a Tamale, shekara biyu bayan Turawa sun sauke tutarsu. Ba a tausaya masa ba, kuma bai cancanci a tausaya masa ba.

Duk wanda ya zauna a Tamale a wancan zamani ya san ba abin da ke haɗa mata faɗa kamar ruwa. Unguwa guda, famfo guda. In bazara ta yi, sai hantsi ruwan ke zuwa, ya yi ta tari kamar tsoho, kafin azahar ya ɗauke. Shi ya sa tun da sassafe mace ke zuwa ta ajiye garwarta a layi, garwar ce ke riƙe mata wuri. Wadda ta matsar da garwar wata, faɗa ta nema. An fasa baki a wurin nan, an yage zane, har an taɓa cire wa wata ɗan kunne tare da naman kunnen.

Sarki ya yi magana, ɗan sanda ya zo da kulki, faɗan bai mutu ba. Abin da ya kashe shi takardar buhun siminti ce.

Adijatu ce ke kawo ta. Mijinta Imoru mai fentin motoci ne a da. Rabin manyan motocin da ke tashi daga Tamale zuwa Kumasi, shi ya zana musu zaki da dabino a baya. Ana saura kwana tara bikin samun mulki aka hau da shi tsani ya yi wa wata babbar ƙofar maraba fenti, tsanin ya zame, ya faɗo a kan ƙugunsa. Ranar da gari ke kiɗa da harbin bindiga, shi yana kwance, ƙafafunsa ba su san shi ba. Wata takwas ya yi fuskarsa na kallon bango. In Adijatu ta kawo tuwo sai ya ce ta kai wa masu rai.

Ita ce ta tsinto masa buhunan siminti daga inda ake gina sabuwar makaranta. Ta yanka, ta ɗinke da zaren kitso, ta jefa masa a kan tabarma tare da guntun fensir.

“Hannun ma ya karye ne?” ta ce, ta fita abinta.

Abin da ya fito daga wannan jifa shi ne labarin Ɗankande da Safiatu. Imoru yakan raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, ana binsu daga dama zuwa hagu yadda ya koyi rubutu a allo. Maganar da mutum ya yi tana cikin wani ɗan ƙwai a saman kansa, da ajami. Launi kuwa bula ce da jar ƙasa da baƙin tukunya.

Ɗankande mai gyaran keke ne, dogo, wandonsa bai taɓa kai idon sawu ba. Safiatu mai sayar da koko ce, mai wushirya. Duk sanda Ɗankande ya gan ta sai idanunsa su zama kamar faifai biyu, gumi ya riƙa tsalle daga goshinsa ɗigo-ɗigo. Kullum yakan zo da niyyar ya ce yana sonta, in ya buɗe baki sai ya ce a ƙaro koko. Ya taɓa shan ƙwarya bakwai a tsaye, aka tura shi gida a baro. Ya taɓa kawo mata zabuwa kyauta, zabuwar ta ƙwace ta faɗa cikin tukunyar kokon. Akwai kuma abokin takararsa, Mai-Agogo, wani ɗan gaye da ke ɗaure agogon da ba ya tafiya. In an tambaye shi lokaci sai ya dubi hannunsa da ƙasaita, sannan ya saci kallon rana.

Ba wani ilimi a ciki, ba wa'azi, ba a koyon komai. Amma mace ta bar gida da miji mai faɗa, ko yaro mai zazzaɓi, ko tukunyar da ba a san abin da za a zuba mata ba, ta zo ta tsaya a rana awa huɗu. Wannan ɗan littafi ne kaɗai abin da ba ya neman komai a wurinta. Duk ranar kasuwar Tamale sabo ke fitowa. Yakan fara daga garwar gaba, hannu zuwa hannu, har ta ƙarshe. Adijatu ta karanta maganganun da ƙarfi sau uku, a gaba, a tsakiya, a baya. Dagombawa, Mosawa, Farafara, har da wata Ba'ashantiya mai sayar da kifi da ba ta jin Hausa sosai, kowa na gane hoto. Ba mai hannun kai duka, hannun yana share hawayen dariya.

Tagar ɗakin Imoru tana kallon famfon. Ba ya ganin kowa daga inda yake kwance, amma yana ji. Daga ƙarar dariya yake sanin shafin da aka kai. In Adijatu ta dawo sai ya ce, “Ba su yi dariya a wurin baron ba yadda na zata,” ya jawo fensir. Da ruwan da ta ɗebo take wanke shi safe da yamma, ta juya shi, ta shafa masa man kaɗe a ƙugu, don mai kwanciya in bai sami wanka ba fatarsa buɗewa take. Garwa biyu da dariyar nan, su ne ke riƙe da ran mutumin.

Sai aka kawo Abukari.

Ba abin da ya iya illa ihu a taron siyasa da riƙe tuta. Da za a saka masa, sai ofishin masu kula da ruwa ya ba shi kaki, da kwaɗo, da mabuɗi, aka ce ya riƙa buɗe famfo in ruwa ya zo, ya rufe in ya ɗauke, kada yara su karya kan. Aikin ke nan gaba ɗaya. Amma kafin mako ya zagayo ya kafa kujera, ya ce a riƙa kiransa Ofisa. Ya kuma samo wani agogo a wurin tsohon soja ya ɗaura. Agogon ya daɗe da mutuwa.

Imoru bai taɓa ganin Abukari ba. Mai-Agogo ya shekara a takarda kafin a san za a yi wa famfo kwaɗo. Matan kuwa sun ga kamannin Abukari da Mai-Agogo, suna ƙunshe dariya suna taɓa juna da gwiwar hannu. Abukarin ma yakan zagayo ta bayan layi kamar mai duba garwa, ya leƙa littafin ta saman kafaɗar mutane, ya daɗe yana duba garwa guda.

Ranar da abin ya fashe, wata tsohuwa, Mma Ashetu, wadda idonta bai ga hoto sosai, ta tambaya da zuciya ɗaya, “Ofisa, ƙarfe nawa yanzu? Na bar wake a wuta.”

Abukari ya ɗaga hannu, ya dubi agogo da ƙasaita, sannan ya saci kallon rana.

Layin ya tarwatse. Wata ta zauna a ƙasa tana buga cinya. Ba'ashantiyar nan ta riƙa nuna shi tana nuna takarda, ta kasa magana. Adijatu na tsakiyar karatu, ita ma ta kasa riƙe bakinta.

Ya tako ya fizge littafin daga hannunta har zaren ya tsinke.

“Ke matar gurgu! Ni mijinki ke zagi?”

“Mijina bai san da kai a duniya ba,” in ji Adijatu. “Kuma yana da suna. Ba ni takardata.”

“Ma'aikacin gwamnati ake yi wa dariya? Yanzu ƙasa tamu ce, an daina raina mai kaki.” Ya cusa littafin a aljihu. “Ki je ki gaya masa, ranar kasuwa mai zuwa a ɗaura wa Safiatu aure da Mai-Agogo. Shi ne mutumin kirki, shi ne mai aiki. Wancan mai guntun wandon a kore shi daga gari.”

Wata daga baya ta ce, “To Ofisa, kai ne waliyyinta?”

“Wa ya yi magana?” Ya bi layin da harara. Ya juya ga Adijatu. “Har sai na ga auren nan da idona, ga wurinki.” Ya ɗauki garwarta, wadda take ta huɗu tun asuba, ya tafi da ita har ƙarshen layi, bayan ta sittin da wani abu, ya dangwarar.

Ba a taɓa yin haka ba a Nyanshegu. Kowa ya san ruwa ba ya kaiwa ta arba'in.

Adijatu ta dubi dutsen da ake ɗora garwa a kai, ta dubi ƙeyar mutumin. Sai ta tuna in aka kulle ta ba mai juya Imoru. Ta haɗiye fushinta.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Matan kuma suka yi abin da ya kamata: duk wadda ta cika garwa, in za ta wuce sai ta zuba wa Adijatu ƙwarya guda. Kwana biyu ana haka, garwarta na cika kafin ta wasu. A rana ta uku Abukari ya gane. Ruwa na zuba, mace ta bakwai na tarawa, ya murɗe famfon ya datse kwaɗo.

“Tunda kun zama masu kyauta, ku je ku yi kyauta da na dam.”

Suka roƙe shi. Mai goyo ta durƙusa masa. Ya zauna a kujera ya harɗe ƙafa yana kaɗa mabuɗi a yatsa, ruwan gwamnati na gurnani a cikin bututu, mata sittin na tsaye a rana.

Dam ɗin, wato madatsar ruwa, yana da nisa, kuma a bazara abin da ke cikinsa ba ruwa ba ne, kunun laka ne da shanu suka taka. Shi Adijatu ta riƙa ɗebowa, ta tace da ɗankwali, ta wanke mijinta. A kwana na uku ta juya shi sai ta ga fatar ƙugunsa ta buɗe, kamar faɗin bakin ludayi, tana ruwa. Shi bai ji ba, wurin ba ya jin komai. Ita ta ji.

Wasu matan ma sun fara sauya fuska. A hanyar dam wata ta ce mata, “Yaya Adija, don Allah, yarinyar nan ta takarda ce. A aura masa ita mana mu sha ruwa.” Adijatu ta san matar ba ta yi ƙarya ba.

Imoru kuwa kunnensa na taga. Ya ce, “Adija, kwana nawa ke nan ban ji ƙarar garwa ba. Ruwan nan kuma warin shanu yake.” Ta yi ƙoƙarin kauce masa, ya ce ta dube shi. Ta gaya masa duka.

Ya ce ta miƙo masa takarda.

Washegari da hantsi, ranar kasuwa, ta dawo daga dam ta tarar da littafi a ɗinke a bakin tabarma, shi kuma ya juya fuskarsa bango, yadda ta san shi shekara biyu da suka wuce. Ta buɗe. Ga Safiatu an lulluɓe ta, ba wushirya, ba a ma zana mata baki ba. Ga Mai-Agogo a kan kujera ana yi masa fifita. A gida na ƙarshe ga bayan Ɗankande, yana tura kekensa a hanyar Yendi. Ko ɗigon gumi guda babu. A ƙasa an rubuta: ya ƙare. Fensirin kuma yana can bakin ƙofa inda aka jefa shi.

“Mene ne wannan?”

“Abin da Abukari ya ce. Kai masa.”

“Da wa kake magana, da ni ko da bango?”

“Adija, ƙafarki ta tsage. Mata sittin na shan laka saboda wasan yara. Kai masa a huta.”

“A huta! Wa zai huta? Kai ka koma kallon bango, ni in koma kai tuwo ina dawowa da shi? Wata takwas na yi ina kwana da gawa mai numfashi, ka manta? Ni ban manta ba!”

“Rage murya, maƙwabta.”

“Su ji! Yau ya ce a aura masa 'yar takarda, ka ba shi. Gobe in ya ce in durƙusa kafin in tara garwa fa? Jibi in ya ce 'yar wance ta mutum yake so, sai a rufe ruwa har a kai masa? Tsani ya karya maka ƙugu, wannan ɗan iskan kuma ka miƙa masa hannun da ya rage!”

“To me zan yi? In tashi in dake shi?”

Maganar ta soke ta, amma ba ta tsaya ba. Ta fita tsakar gida, ta ɗaga tukunya, ta cusa littafin cikin murhu. Takardar siminti ba ta ci da sauri, sai da ta tsaya ta danna ta da itace har ta zama toka. Sannan ta tsinci fensirin ta koma ta ajiye masa a ƙirji.

“Ka zana na gaskiya. Ruwa kuma ba aikinka ba ne, aikina ne.”

Ta ɗauki tsumman da take wanke masa ƙugu, ta ƙulle a bakin zane, ta nufi kasuwa wurin Magajiya Abibatu.

Magajiya ita ce shugabar matan kasuwa, tsohuwa mai jiki, mai sayar da man kaɗe. Lokacin zaɓe ita ta cika motoci da mata, kuma duk wani mai kaki a garin ya san haka. Ta saurari Adijatu tana tauna goro, ba ta katse ta ba. Da aka kwance tsumman ta duba, sai ta tofar da goron.

“Kwana nawa?”

“Yau huɗu a rufe, Magajiya.”

“Kuma sai yau kike zuwa? Ku matan Nyanshegu bakinku a kunnen juna kawai yake aiki.” Ta miƙe da ƙyar. “Gobe kowa ta kawo garwarta. Ba famfo ba. Ku tuna wa ke bin wa.”

Da safe ma'aikatan ofishin ruwa suka zo aiki suka tarar da layi. Garwa ta farko a kan matakalar ƙofa, ta biyu a bayanta, haka har bakin titi, har ta tsallaka titin, wata motar doya ta tsaya tana ta hon. Kowace garwa a wurinta na asali, ta Adijatu ita ce ta huɗu. Matan na zaune a gefe, ba ihu, ba zagi. Mma Ashetu ma ta zo da wakenta tana tsincewa.

Babban akawu, Malam Zakaria, ya fito yana gyara tabarau. “Magajiya, lafiya? Nan ba famfo.”

“Mun sani, ɗana. An ce ruwan naku ne, shi ya sa muka biyo shi gida.”

Aka aika aka kira Abukari. Ya zo kakinsa ya sha guga, yana murna, don a ganinsa yau za a hukunta masu raina gwamnati. Ya zaro littafin da ya ƙwace ya ajiye a teburin da aka fito da shi baranda. Adijatu ta dubi littafin. An sake ɗinke shi da baƙin zare, gefen shafukan ya yi laushi don yawan buɗawa, ga jan goro a kusurwa.

Malam Zakaria ya buɗe ta hagu, Magajiya ta juya masa shi. Ya bi gidajen da yatsa. Gefen bakinsa ya fara rawa, ya yi tari ya daidaita fuska.

“Ina sunanka a nan, Abukari?”

“Ba suna, ranka ya daɗe, amma dubi agogon.”

“Na gani. To don wannan ka rufe ruwa?”

“Ba don shi kaɗai ba. Zalunci ne ake yi a labarin. Na ce a gyara, suka ƙi.”

“Wane zalunci?”

Nan fa Abukari ya manta inda yake. “Ranka ya daɗe, kai ma ka duba. Wannan Ɗankanden me ya taɓa yi mata? A littafi na tara ya zubar mata da koko. A na goma sha ɗaya zabuwarsa ta ɓata mata tukunya guda. A na sha huɗu ya ɗauke ta a keke birki ya tsinke suka faɗa gonar gyaɗa, har ta gurɗe ƙafa! Shi kuwa Mai-Agogo ya kawo mata laima, ya kawo mata turare, sau biyu yana gaishe da kawunta. Amma kullum shi ake kunyatawa, ita kuma sai wancan sakaran take yi wa murmushi. Yarinya kamar Safiatu! Ina hankali a nan?”

Ya tsaya yana haki. Sai a sannan ya ji shirun da ke bayansa.

Matar nan da ta ce a aura masa Safiatu ita ce ta fara magana. “Ni ma da nake zuwa kullum ban riƙe lambar gonar gyaɗa ba.”

Dariyar da aka yi har direban motar doya sai da ya sauko ya zo gani. Adijatu kaɗai ba ta yi ba. Ta tako ta kwance bakin zanenta, ta shimfiɗa tsumman a kan tebur, a kan littafin. Ja ne da laka, da wani abin da ba laka ba. Warin ya sa Malam Zakaria ja da baya.

“Malam, ku gama dariyar ku dubi wannan. Da shi nake wanke mutumin da ya zana abin da ke ba ku dariya. Shi ya yi wa ƙofar bikinku fenti, daga can ya faɗo, ba wanda ya zo ya ce masa sannu. Ban kawo ƙara ba. Garwa biyu nake nema a yini, in tsaya a rana in samu da layina. Wannan mutum ya ɗauki garwata daga ta huɗu ya kai ƙarshe. Da 'yan'uwana suka taimake ni ya rufe wa unguwa ruwa kwana biyar. Yanzu ƙugun mijina a buɗe yake. In ya ruɓe ya mutu, ku rubuta a takardunku cewa an kashe shi ne don an hana wani auren yarinyar da aka zana da baƙin tukunya.”

Ba wanda ya ƙara dariya. Malam Zakaria ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya miƙa hannu.

“Mabuɗin.”

“Ranka ya daɗe, ni fa lokacin zaɓe...”

“Lokacin zaɓe ni na ciyar da kai a bayan mota,” in ji Magajiya. “Ba shi.”

Ya ba da. Aka ce ya kawo kakin kafin la'asar. Malam Zakaria ya miƙa wa Magajiya mabuɗin, ita kuma da suka koma Nyanshegu ta buɗe kwaɗon ta jefa shi cikin kwandon man kaɗenta, ba a sake ganinsa ba. Ruwa ya zo. Mace ta farko da ta biyu da ta uku suka ja garwarsu gefe, amma Adijatu ta ce a'a, ita ta huɗu ce, ta huɗu za ta tara.

Da ta shiga gida da garwa a ka, ta tarar Imoru ya juyo. Tabarmar duk gutsattsarin fensir, yana cizon leɓe yana zana wani abu da ƙafafun keke a sama.

“Kada ki leƙa,” ya ce.

“Wa ke son ganin ƙazantarka? Juya in wanke ka.”

Gyambon ya ɗauki wata biyu kafin ya rufe, kuma ya bar tabo. Labarin kuwa bai ƙare a ranar kasuwar nan ba, sai da Imoru ya ja shi har damina ta sauka, sannan ya ɗaura wa Safiatu aure. Ranar da littafin auren ya fito, an ce har daga unguwar Gumani mata suka zo da garwar da ba su da niyyar cikawa.

Abukari ba shi da mata, saboda haka da kansa yake zuwa ɗiban ruwa, namiji guda a layin mata, ya ajiye bokitinsa inda ya tarar. Ba wadda ta taɓa matsar masa da shi, ba a kuma hana shi ruwa ba. Amma in littafi ya biyo layi ya iso kansa, sai ta gabansa ta miƙa wa ta bayansa ta saman kansa. In Adijatu za ta karanta a kusa da shi, sai matan su kewaye ta, ta rage murya. Ya tambayi Mma Ashetu, ta ce idonta ba ya gani. Ya tambayi Ba'ashantiya, ta ce ba ta jin Hausa.

Ga abin da ya rasa. Ya rasa mabuɗi. Ya rasa kaki da kujera. Ya rasa sunan Ofisa, ya kuma rasa wanda ubansa ya raɗa masa, don har tsufansa Mai-Agogo ake kiransa, ko da yake ya jefa agogon a dam tun a makon. Kuma duk Nyanshegu, daga tsofaffi har masu goyo, kowa ya san wanda Safiatu ta aura da yadda aka yi zabuwa ta halarci ɗaurin auren. Shi kaɗai ne ba a taɓa gaya wa ba.